Wa Ke Riƙe da Wuƙa da Nama? Jagorar Gane Muƙaman Masu Sauraron Koken Kwastoma

Abubuwa uku ne suka ɗaure mutumin Wurno, Rabah da Goronyo da manyan kamfanoni, ko yana so ko ba ya so: layin waya, asusun banki da na'urar POS, sai kuma wuta, ta NEPA ko ta sola. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya sami tangarɗa, sai mutum ya tsinci kansa a gaban ma'aikata masu muƙamai barkatai: ejan, agirigeta, BRM, CSO, maketa, injiniya, tim lida. Kowa da rigar kamfani, kowa da kati rataye a wuya, amma ba kowa ke iya raba ka da matsalarka ba. Manyan ofisoshin kuwa suna cikin birnin Sakkwato. Manomin albasa ko tafarnuwa da ya bar fadamarsa, ya biya kuɗin mota, ya yini a layi, sannan aka ce masa "ba nan ba ne", ya yi asarar yini da guzuri, ga kuma hanyar da ba a son dare ya riski mutum a kanta.

Tsarin muƙami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba wanda zai ɗauki rikicin iyakar gona ya nufi fadar Sarkin Musulmi kai tsaye. Wurin mai unguwa zai fara, daga nan sai hakimi, sannan uban ƙasa, kamar Sarkin Sudan na Wurno. Kamfanoni ma hawa-hawa suke. Inda suka saɓa shi ne, a sarauta girman suna yana tafiya da girman iko, a kamfani kuwa za ka iske manaja wanda ba ya da ko yaro ɗaya a ƙarƙashinsa, ka iske wani mai ƙaramin suna wanda danna maɓallinsa ɗaya zai dawo maka da kuɗinka.

Tambayoyi uku kafin komai

Duk wanda ya gabatar maka da kansa da wani muƙami, ka ajiye sunan gefe, ka nemi amsar waɗannan:

1. Wa ke biyansa? Kamfanin da kansa ne, ko ɗan kwangila ne, ko kamasho yake ci a kan abin da ya sayar? Mai cin kamasho ya fi kuzari wajen sayar maka da kaya, ya fi rauni wajen gyara.
2. Me hannunsa ke iya yi? Akwai mai rubuta koke kawai, akwai mai iya shiga kwamfuta ya sauya abu, akwai mai zuwa da tsani da sifana.
3. Wa ke samansa? Idan abin ya fi ƙarfinsa, ina yake turawa, kuma kwana nawa ake ɗauka?

Ba rashin ladabi ba ne ka yi waɗannan tambayoyi. Ma'aikacin gaskiya zai amsa ba tare da ɓata rai ba, domin shi ma ya fi son a daina ɗora masa abin da ba nasa ba.

Hawa uku da kusan kowane kamfani ke da su

Kamfanonin waya, bankuna da na fasaha sun raba masu taimakon kwastoma hawa uku, suna kiran su L1, L2 da L3.

Hawa na ɗaya shi ne wanda ke ɗaga kiranka, wanda muke kira kastoma kiya. Yana ganin bayanan layinka ko asusunka a allon kwamfuta, yana bin tsararrun tambayoyi da aka koya masa, kuma yana iya warware ƙananan abubuwa: cire ka daga tsarin da ke cinye maka kati, turo maka saitin intanet, toshe katin ATM da ya ɓata. Sau da yawa ba ma'aikacin kamfanin ba ne kai tsaye, na wani kamfanin kwangila ne mai kula da cibiyar kira. Ana auna shi da yawan kiran da ya amsa da gajartar lokacin kowanne, shi ya sa kake jin kamar yana gaggawa.

Hawa na biyu ba su cika magana da kwastoma ba. Su ne ke bayan fage, suna da izinin shiga inda na farko ba ya shiga: su mayar da kuɗi, su gyara bayanan da suka karkace, su binciki cinikin da ya maƙale. Hawa na uku kuwa injiniyoyi ne masu kula da manhaja da injinan kamfanin, ba sa taɓa matsalar mutum ɗaya sai ta zama alamar wata babbar ɓaraka.

A gefen waɗannan akwai tim lida da sufabaiza, shugabannin masu amsa kira. Idan ka ga na farko yana ta maimaita magana ɗaya, kana da damar cewa a haɗa ka da su. Igiyar da ta ɗaure hawa ukun ita ce lambar tikiti, wato lambar da kwamfuta ke ba kokenka da zarar an rubuta shi. Koken da ba shi da lamba, a wurin kamfani ba a yi shi ba.

Layin waya

Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni, saboda haka ko MTN kake, ko Airtel, ko Glo, 300 ce lambar kastoma kiya, kuma akan ba da zaɓin magana da Hausa. Ga mutanen da za ka yi karo da su a wajen waya:

*Mai rajistar layi.* Yaron da ke ƙarƙashin lema ranar kasuwa, da na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsa. Galibi yaron dila ne, kamasho yake ci a kan kowane sabon layi. Yana iya yi maka rajista, amma ba shi da iko a kan kuɗin da aka cire maka, ba ya kuma gyara sabis.

*Jami'in shagon kamfani.* Shi ke yin walkam bak, wato dawo maka da lambarka a sabon sim, idan layi ya ɓata ko an sace waya. Kafin ka hau mota zuwa wurinsa, ka haɗa lambar NIN ɗinka, lambobin da ka fi kira, da adadin katin da ka sa na ƙarshe. Idan sunan da ke kan layin ya saɓa da na NIN, gyaran suna ko ranar haihuwa aikin hukumar NIMC ne, ba nasa ba.

*Masu ƙarfen sabis.* Nan mutane suka fi ruɗewa. Wanda ka gani ya zo da mota yana zuba gas a janaretan ƙarfen sabis na garinku, da wuya ya kasance ma'aikacin kamfanin layinka. Tun 2014 MTN ta miƙa dubban ƙarafunanta ga kamfanin IHS, Airtel kuma ta sayar da nata ga American Tower. Su ma suna ba ƙananan 'yan kwangila aikin kulawa. A nan za ka ji rigga, mai hawa ƙarfen ya ɗaura ko ya daidaita eriya, da injiniyan fili, mai duba batura da na'urori, da maigadi. Can a babban ofis akwai ɗakin da ake kira NOC, inda ake kallon kowane ƙarfe a allo dare da rana, kuma su ke tura injiniya. Don haka idan sabis ya ɗauke a gari, ba wayarka ce ta lalace ba, kuma tsare injiniya da ƙorafi ba ya ƙara komai. Abin da ke aiki shi ne mutane da dama su kira 300 daga inda ake samun sabis, su faɗi sunan garin da ranar da abin ya fara.

Akwai kuma ɗaukewar da ta fi ƙarfin dukkansu. A watan Satumba na 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wannan umarnin gwamnati ne, ba wani injiniya ko manaja da zai iya warware shi.

Idan kamfani ya karɓi kokenka bai yi komai ba, sai ka kira 622, layin NCC na kyauta. Abu na farko da za su nema shi ne lambar tikitin da kamfanin ya ba ka.

POS da banki

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai POS ya zama bankin ƙauye. Amma a sani, shi ejan ne, ɗan kasuwa mai juya jarinsa, ba ma'aikacin banki ba. A samansa akwai agirigeta, wanda ya raba na'urori ga ejan-ejan da yawa yana cin ɗan kaso a cinikinsu. A Moniepoint akan ji BRM, wato manajan hulɗa da 'yan kasuwa. Duk da kalmar manaja, aikinsa na fili ne: ya buɗe wa ejan asusu, ya kawo na'ura, ya sauya ta idan ta lalace, ya bi sawun wanda cinikinsa ya yi ƙasa. Shi abokin kukan ejan ne, ba na mai kati ba.

A ce dattijo ya zo kasuwar Achida, ya miƙa katinsa a cirar masa naira dubu hamsin. Na'ura ta yi jim, ta fito da takarda mai nuna ciniki bai tafi ba, sai ga alat a wayarsa.

"Ɗana, ga shi sun ɗebe kuɗɗina. Ba ni abina in tafi."

"Baba, ka yi hanƙuri, wallahi ba su iso wurina ba. Dubi takardar ga."

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Kuɗin sun bar asusun dattijo, ba su shiga na yaron ba, sun maƙale a tsakani. Wanda ke da wuƙa da nama a nan shi ne bankin da ya ba dattijo katin, ba mai POS ba, ba kuma agirigetansa ba. Abin yi shi ne dattijo ya karɓi wannan 'yar takardar, a ɗauke ta hoto nan take, domin rubutunta yana gogewa idan ta sha rana ko zufar aljihu. A jikinta akwai ranar ciniki, lokaci, adadin kuɗi, lambar na'urar, da wata lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRN. Da ita banki ke gano cinikin. Idan kuwa tiransifa ce ta maƙale, lambar da ake nema ita ce ta zaman ciniki, mai alƙaluma 30, wadda ke kan rasit ɗin manhaja.

A cikin banki kuma kowa da teburinsa. Kashiya karɓa da biya ne aikinsa. CSO, jami'in kula da kwastoma, shi ke karɓar koken cirar kuɗi, matsalar kati, BVN da sauya lambar alat. Akawun ofisa da DSA 'yan farautar kwastoma ne: su suka buɗe maka asusu, suna iya bin maka sawu, amma ba su ke mayar da kuɗi ba. Mai mayarwa yana sashen sasanta ciniki, ba ka ganinsa, CSO ne ƙofarka zuwa gare shi. Shugaban harkokin cikin reshe shi ne na gaba idan CSO ya gaza.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su warware cinikin POS da ya gaza. Idan an yi mako biyu da shigar da koke ba a ce komai ba, kana da damar rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Kwastoma na CBN, tare da lambar da bankinka ya ba ka.

Wuta

Har yau NEPA muke cewa, ko da yake sunan ya koma PHCN a 2005, daga baya kuma aka raba aikin ga kamfanoni. Mai raba wuta a Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna shi ne Kaduna Electric. Manyan layukan da ke kawo wutar daga nesa kuwa na TCN ne, kamfani daban. Idan babban layin ƙasa ya faɗi, ba wanda ke ofishin garinku da zai iya dawo da ita.

Maketa shi ke kawo bil ya bi kuɗi. Yana iya kai bayaninka, amma ba shi da ikon yafe bashi, kuma duk kuɗin da ka danƙa masa ba rasit, ka ɗauka ba ka biya ba. Lainsman shi ke hawa falwaya, ya haɗa ko ya yanke bisa umarni. Masu mita su ke sa mitar kati da duba ta idan ta ƙi karɓar lambobi 20 na tokin. Ƙorafin bil mai yawa ko mitar da aka biya ba a kawo ba yana zuwa ne sashen koke na kamfanin, CCU, a rubuce. Ƙa'idar hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, NERC, ta ba su kwana 15 na aiki. In sun wuce, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na NERC, daga nan zuwa hukumar kanta. NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma, falwaya da waya nauyin kamfani ne. Idan jama'ar gari suka ga dole su yi karo-karo, to a yi yarjejeniya a rubuce da ofis, kada a tara kuɗi a miƙa wa mutum ɗaya don yana sanye da rigar aiki.

Masu sola ta biya sannu-sannu su ma suna da nasu. Sun King, misali, tana kiran wakilanta na ƙauyuka jami'an makamashi. Sunan ya yi kama da na injiniya, amma ainihin aikin sayarwa ne, da kafawa, da bin biya. Lambar da ke buɗe na'urar daga kamfani take fitowa bayan ka biya ta hanyar da aka tsara, sauya kayan da suka lalace a cikin garanti kuma sai an bi ta shago ko layin kamfanin.

Yadda ake shigar da koke ya yi tasiri

1. Ka haɗa hujja tukuna: rasit, alat, bil, lambar mita, rana da lokaci.
2. Ka fara da waya kafin mota. Abubuwa da yawa suna ƙarewa a kira ɗaya, kuma a nan za a gaya maka takardun da za ka riƙo in zuwa ya zama dole.
3. Ka faɗi matsala ɗaya a taƙaice: abin da ya faru, yaushe, nawa ne, da abin da kake so a yi.
4. Kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar tikiti. Ka sa a maimaita ta, ka rubuta, tare da sunan wanda ya amsa da kwanakin da ya ɗiba.
5. Ranar da wa'adi ya cika, ka sake kira da wannan lambar. Kada ka yarda a buɗe sabon koke, domin lissafin kwanaki zai koma farko.
6. In ba a yi ba, ka hau hawa na gaba: sufabaiza, sannan hukumar da ke sa ido, NCC, CBN ko NERC.

Faɗa da zagi ba sa gaggauta komai. Wanda ke kan waya ba shi ya ci kuɗinka ba, kuma kiran ana naɗe shi.

Muƙaman ƙarya

'Yan damfara sun gane cewa babban suna yana sa gwiwar mutum sanyi. Za su kira da Hausa tsantsa, da ladabi, su ce daga hedikwatar banki ne, ko sashen BVN, ko ofishin tallafi, su ce za a rufe asusunka yau in ba ka karanto lambar da ta shigo wayarka ba. Ga ma'auni ɗaya da ba ya kuskure: babu ma'aikacin gaskiya, komai muƙaminsa, da ke neman lambar sirrin katinka, ko lambar OTP, ko alƙaluma uku na bayan kati. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka da kanka. Haka nan shafukan Facebook da lambobin WhatsApp masu tambarin kamfani, waɗanda ke tsalle su ce za su taimaka da zarar ka yi ƙorafi a fili, mafi yawansu tarko ne. A koya wa iyaye mata da dattawa wannan, domin su aka fi hari.

Ga matashi mai neman irin wannan aiki

Wanda ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yana duba tallan aiki a waya, shi ma tambayoyi ukun nan za su yi masa rana. Kada sunan muƙami ya ɗauke masa hankali, ya gangara ƙasa ya karanta jerin ayyukan. Egzekitib a sashen kwastoma yawanci mai amsa kira ne na hawa na ɗaya. Analis na teburin taimako shi ke gyara kwamfuta da firinta na ma'aikatan ofis. Mai QA sauraron kiran da aka naɗa yake yi yana ba abokan aiki maki. Duk muƙamin da ke ɗauke da kalmar fili ko yanki, ka shirya hawa babur da cika adadin da aka yanka maka a wata. Kalmar injiniya ma ana yawan ara ta, alhali a doka mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, shi ne injiniya.

Kafin ka sa hannu, ka tambaya: albashi ne ko kamasho? Sunan wane kamfani ne a takardar ɗauka? Akwai aikin dare? Wa ke biyan kuɗin mai da data? Aikin da aka ce sai ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, ka yi nesa da shi. Iya Hausa da Turanci tare jari ne a cibiyoyin kira, iya Fulatanci ƙari ne a aikin fili. Mai son hawa daga L1 zuwa sama ya nemi saurin bugun kwamfuta, da takardun shaida irin su CompTIA A+ ko CCNA na Cisco.

Shawara ta ƙarshe ta shafi gari ne baki ɗaya. A kowace unguwa akwai matashi ɗaya ko biyu da jama'a ke kai wa waya in ta rikice: mai cajin waya, mai POS, malamin makaranta. Irin waɗannan su tanadi ƙaramin littafi, su rubuta lambobin kamfanoni na gaskiya, da lambar tikitin kowane koke, da ranar da aka shigar da shi, da ranar da aka warware. Cikin 'yan watanni littafin zai nuna wace ƙofa ke buɗewa, wace ce ɓata lokaci, kuma ranar da za a kai kukan gari gaban NCC ko NERC, hujja tana hannu.